Jari Baƙo Ne, Ilimi Ɗan Gida

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 aka yi wani babban taro a birnin Bauchi, inda Gwamnatin Jiha ta gayyaci attajirai da masu masana'antu na gida da na ƙasashen waje domin su zo su ga albarkar da Allah ya ajiye a jihar, su zuba jari. An yi taron ne a sabon zauren da aka sa wa sunan Sir Ahmadu Bello, tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo yana cikin manyan baƙi, kuma aka sa hannu a kan takardun yarjejeniya masu yawa waɗanda aka ce kuɗinsu ya kai biliyoyin daloli. A cikin wannan watan ne kuma aka ba da sanarwa daga ƙasar Suwidin cewa waɗansu masana uku, watau John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, sun ci lambar yabo ta Nobel saboda binciken da ya share hanyar ƙera wata sabuwar irin kwamfuta da ake kira kwamfutar kwantam. Ita wannan kwamfuta kuwa shekarar duka an yi ta tarurruka a kanta a manyan biranen duniya, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 ta zama shekarar kimiyyar kwantam, kuma ƙasar Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a gaban babban zauren Majalisar.

Mai karatu da ke Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, yana iya tambaya: me ya haɗa taron masu kuɗi da taron masana, kuma ina ruwan mutumin Ɗan Iya a cikin birnin Bauchi da ko wannensu? Amsarmu ita ce, tarurrukan nan biyu magana ɗaya suke yi. Jari baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, yana zama a gidan da ya tarar da abin aiki da mutanen da suka iya aikin, in bai tarar ba ya ɗaura kayansa. Wanda talauci ya fi kora daga gida zuwa Kurmi shi ya fi kowa hakkin sanin abin da aka ƙulla a waɗannan zaurukan da sunansa.

Ba mu ce taro banza ne ba. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma mai kuɗi ba ya zuba kuɗinsa a garin da bai taɓa takawa ba. A shekarar 2016 Jihar Kaduna ta fara irin nata taron, a 2017 kuma kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. To, amma a lura da dalili. Masara da waken suya da ake haɗa abincin da su a ƙasar Arewa ake noma su, manoman da suka iya noma su kuma suna nan tun kafin a buga katin gayyata. Taron ya haɗa mai saye da mai sayarwa ne kamar yadda ranar kasuwa take yi. Wanda bai yi noma da damina ba, ko kasuwa ta ci sau bakwai a mako ba shi da abin da zai kai.

Mutanen Bauchi ba sa bukatar a ba su labarin jarin baƙi, domin gani ya kori ji. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali, Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida. Aka kai Peugeot Kaduna, Volkswagen Ikko, Leyland Badun, Mercedes Inugu, Fiat Kano, Bauchi kuma rabonta ya faɗa a kan Steyr na ƙasar Ostiriya, mai harhaɗa tarakta da manyan motoci. Samari suka sami aiki, gari ya yi armashi, har manomi ya ga tarakta da aka ɗaure a garinsu. Amma kusan duk kayan da ake harhaɗawa a cikin akwatuna suke zuwa daga Turai, a sauke su a tashar jirgin ruwa, a jawo su zuwa Arewa, da kuɗin ƙasashen waje ake biya. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan aka karya darajar naira a 1986, sai akwatunan suka yi tsada, aiki ya ja baya, har masana'antar ta durƙushe. Daga baya gwamnati ta sayar da hannun jarinta, amma ba a sake ganin irin wancan zamani ba.

A daidai wannan lokaci ne, a shekarar 1979, masana'antar siminti ta Ashaka ta fara aiki tare da kamfanin Blue Circle na Ingila. A sa'an nan Ashaka tana cikin Jihar Bauchi, kafin a fitar da Jihar Gombe a 1996. Ita wannan ta sha sauya iyayen gida, daga Turawan Ingila ta koma hannun na Faransa, aka ci gaba da cinikinta, amma ba ta tashi daga inda take ba, domin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a nan ƙarƙashin ƙasa yake, ba a iya ɗaukarsa a jirgi a gudu da shi. Masana'antu biyu, jiha ɗaya, zamani ɗaya, baƙi iri ɗaya. Ɗaya tana da saiwa a ƙasa, ɗaya kuma a cikin akwati saiwarta take. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace takarda da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2025.

Har ila yau ya kamata jama'a su san cewa takardar yarjejeniya irin wadda ake sa wa hannu a taro sanarwar niyya ce, kamar na-gani-ina-so a sha'anin aure. Tsakaninta da ɗaurin aure akwai tafiya, tsakaninta da tarewa kuma akwai wata. Rahotannin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan kuɗin da ke shigowa Nijeriya daga waje a Ikko da Abuja yake tsayawa, jihohi da yawa kuwa sai a yi wata uku ba a rubuta musu ko sisin kwabo ba. Daɗin daɗawa, kaso mafi tsoka na kuɗin ba na gina masana'anta ba ne, na sayen takardun bashi ne da hannun jari, irin kuɗin da ke shigowa da safe ya fita da yamma in ya ji iska ta sauya. Saboda haka ba laifi a yi murna da taro, amma ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yanzu bari mu juya ga taron masana, mu bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da wannan kwamfuta, don kada sunanta ya zama abin tsoro ko abin yaudara. Kwamfutar da muka sani, har da wayar da ke aljihunka, da alamomi biyu take lissafi, 0 da 1, kamar kwabon da aka ajiye a ƙasa, ko kai ko gindi. Masana sun gano tun shekara ɗari da suka wuce, daga aikin Werner Heisenberg na ƙasar Jamus a 1925 da na abokan zamaninsa, cewa ƙananan halittu da ke cikin ƙwayar zarra ba haka suke ba. Suna iya zama cikin wani hali da ya haɗa ɓangarorin biyu, kusan kamar kwabon da aka murza yana juyawa, sai an taɓa shi zai faɗi a gefe guda. Irin wannan alama ita ake kira kubit. In aka haɗa kubit da yawa aka tsara su da hikima, sai amsoshin da ba daidai ba su riƙa kashe juna, amsar da ake nema ta yi ƙarfi ta fito. Ba kowane lissafi wannan dabara ke sauƙaƙawa ba, amma a waɗansu kaɗan, kamar binciken yadda sinadarai ke haɗuwa don yin magani ko takin zamani, ana sa ran za ta yi abin da ya gagari kwamfutocin yanzu.

A shekarar 2019 kamfanin Google ya ce na'urarsa mai kubit 53 ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200, wanda a cewarsa zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. Kamfanin IBM ya musanta, ya ce kwana biyu da rabi sun isa. A watan Disamba na 2024 Google ya sake fito da wata mai kubit 105. Irin waɗannan na'urori sai an sanyaya su har kusan ma'auni 273 ƙasa da sifiri, kuma 'yar girgiza kaɗan tana sa su kuskure. Watau aikin yana farko, kuma ba kayan da za a shigo da su kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ba ne gobe ko jibi.

Duk da haka akwai inda abin ya taɓa aljihun kowane ɗayanmu. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, da mai shanu a Oko-Oba, da mai goro a Shagamu, da mai canji, duk ta waya suke aika kuɗin cefane gida a yau. Abin da ke tsare wannan kuɗi a hanya wani kwaɗo ne na lissafi, wanda kwamfutocin yanzu ba za su iya ɓallewa ba ko da za su shekara dubbai suna gwadawa. A 1994 wani masanin lissafi mai suna Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam, in ta girma ta kai dubban kubit masu yawa waɗanda ba sa yawan kuskure, za ta iya buɗe irin wannan kwaɗo. Ba a kai ga ƙera irinta ba tukuna, amma rigakafi ya fi magani, shi ya sa a watan Agusta na 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin kwaɗuna uku da aka tsara don su jure mata. Bankunan duniya duka, har da namu, dole su sauya makullansu a shekarun da ke tafe. Tambayar da muke yi ita ce, wa zai yi wannan aikin a Nijeriya? In ba mu horar da 'ya'yanmu ba, sai mu sake ɗauko baƙi mu biya su da dala, mu koma gidan jiya na zamanin akwatuna.

A nan ne tarurrukan biyu suka haɗu. Jarin jiya dutse yake bi da auduga da gyaɗa, jarin gobe kuwa kawunan mutane yake bi. Abin farin ciki shi ne, ba sai ƙasa ta mallaki na'urar ba kafin ta sami masana. Tun 2019 Jami'ar Witwatersrand da ke Afirka ta Kudu ta ƙulla zumunci da IBM, ɗalibanta suna aika lissafinsu ta intanet zuwa na'urorin da ke wata nahiya, amsa ta dawo musu. Abin da ɗalibi ke bukata shi ne lissafi mai ƙarfi, da kimiyyar fiziks, da wutar lantarki, da intanet, da malamin da ya san abin da yake koyarwa. Bauchi tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980 musamman don fasaha, tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Gwallameji. Tsakanin Ɗan Iya da harabar jami'ar da ke Yelwa tafiya ce ta cikin gari. Amma yaron da ya gama firamare bai iya rabawa da ninkawa ba, wannan 'yar tafiya ta fi masa zuwa Ikko nisa, shi ya sa Ikkon yake zuwa.

Ku da ke Kurmi kun fi mu sanin abin da ke jiransa a can. Kun ga yadda a ranar 1 ga Yuni, 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Jihar Ikko, samari da yawa suka wayi gari ba sana'a. Kun san cewa saniyar da aka yi kiwo a ƙasar Bauchi da ranta ake loda ta a babbar mota, ta yi kwanaki a hanya tana ramewa, alhali kuwa tun zamanin Jihar Arewa aka gina masana'antar nama a Bauchi don a yanka a gida a aika da nama. Neman halak a ko'ina cikin ƙasar nan hakkin kowane ɗan ƙasa ne, kuma ba abin kunya ba ne, kakanninmu ma fatake ne. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya fita fatauci da jarinsa da wanda rashin aikin yi ya tura.

Tarihi ya nuna cewa taron masana yana haifar da ɗa mai ido in an yi haƙuri da shi, kuma sau da yawa attajiri ne ke ɗaukar nauyinsa. A 1911 wani mai masana'antar sinadarai a ƙasar Beljiyam, Ernest Solvay, ya fitar da kuɗinsa ya tara manyan masana don su tattauna wannan sabon ilimi. A zama na biyar, a 1927, mutum 29 suka hallara, 17 daga cikinsu sun ci lambar Nobel a rayuwarsu. A wani taro kuma a Amurka a 1981 ne Richard Feynman ya kawo shawarar ƙera kwamfuta a bisa ƙa'idar kwantam. Su kuma masana ukun da aka karrama a 2025, a 1984 da 1985 suka yi gwajin nasu, watau shekara arba'in kafin duniya ta yi musu tukuici. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ke son rabo a jarin shekara ashirin masu zuwa, a ajin firamare na bana za ta fara.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Bauchi, da duk gwamnatocin Arewa masu shirya irin wannan taro, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da su, da su yi abubuwa huɗu. Na farko, a buga jerin yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu, da sunan kamfani, da garin da za a yi aikin, da yawan ma'aikatan da aka yi alkawari, a fassara da Hausa a karanta a gidan rediyo. Kafin a kira wani taron kuma a fito a gaya wa jama'a nawa ne suka aza harsashi, nawa suka fara biyan albashi, nawa suka shiririce. Alkawari kaya ne. Na biyu, kowace yarjejeniya ta faɗi abin da za a saya a gida da yawan 'yan ƙasa da za a koya wa aikin tun daga tushensa, don kada a maimaita labarin akwatuna, kuma duk manomin da za a karɓi gonarsa a biya shi diyya a fili. Na uku, a ware kujeru a zauren taro don 'yan kasuwarmu mazauna Kudu, a kai musu gayyata har inda suke ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni. Na huɗu, a ɗauki malaman lissafi da na kimiyya, a biya su a kan kari, a gyara ɗakunan gwaji na makarantun sakandare, na maza da na mata baki ɗaya.

Ga malaman jami'o'inmu kuma, muna roƙonsu kada taronsu ya ƙare a karanta takardu da Turanci a raba jaka a watse. Su gayyaci masu masana'antu da ma'aikatan banki su zauna tare, sa'an nan su fito rediyo su bayyana wa talaka da harshensa abin da suka tattauna, domin da kuɗin harajinsa aka gina zauren.

Sauran magana taku ce, ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi. Ku ne masu zuba jari na farko a garuruwanku tun kafin a ƙirƙiro taro, da kuɗinku ake gina ɗaki, a sayi taki, a yi wa yara aure. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyinku na gari da na sana'a su yi rajista, su riƙe littafin shiga da fita, su sa wa kuɗin adashi manufa: injin casar shinkafa, ko ɗakin sanyi na ajiye nama da tumatir, ko rumbun hatsi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa rajista har mutum ɗaya yana iya kafa ƙaramin kamfani. Baƙon da ya zo ya tarar 'yan gida sun riga sun sa nasu ya fi sakin jiki, kuma ya fi jin nauyin cutarsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kowace ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai kaifin lissafi daga unguwarsu, tun daga sakandare har jami'a. In mai sinadarai ya iya tara masanan Turai da kuɗin aljihunsa, mai shanu da mai goro ba za su kasa riƙe ɗalibi ɗaya ba.

Sa'an nan a yi hattara da 'yan damfara, domin duk sanda sabuwar kalma ta fito su ne kan gaba wajen hawa kanta. An ga yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, an kuma ga yadda CBEX ta rufe a watan Afrilu na 2025 ta bar jama'a da kuka. Duk wanda ya zo muku da waya ya ce wata kwamfutar kwantam za ta ninka muku kuɗi cikin wata guda, ku sani na'urar da masana ke fama da ita a ɗakin sanyi ba ta iya wannan ba, balle tasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Za a ci gaba da yin tarurruka, za a yi jawabai, za a ɗauki hotuna, wannan ba abin ƙi ba ne. Mu dai ma'auninmu ɗaya ne: shin saurayin Ɗan Iya ya sami aikin da zai riƙe shi a gida, shin ƙanwarsa ta sami malamin lissafi a makarantarsu? Ku riƙa yin wannan tambaya duk sanda kuka je gida da salla, ku yi wa kansila, ku yi wa ɗan majalisa, ku yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'arku. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya sa albarka a neman kowa, ya mai da matafiya gida lafiya.